Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga iyaye Hausawa mazauna ƙananan garuruwan Amurka: ku kai yaranku rumfar tumaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da baƙunta. Wasiƙar nan ba ta mutanenmu na Houston da Bronx ba ce, su da ke da masallatai da shagon daddawa da 'yan'uwa a kowace kwana. Taku ce, ku da neman abinci ya jefa ƙananan garuruwa irin wanda nake zaune a jihar Kansas: likitan da sharaɗin biza ya kai asibitin karkara, malamar jinya, malamin jami'a, ɗalibin da ya zo digiri na uku da mata da yara, da mai aiki a kamfanin nama. Garuruwan da in ka fita bayan gari ba abin da za ka gani sai alkama da dawa da rumbun hatsi dogo kamar hasumiya. I, dawa nake nufi, irin tamu, sai dai tasu gajeriya ce, da ƙyar take kai ƙugu, kuma yawanci shanu ake ba.

Ana rufe makarantu a ƙarshen Mayu, ba a komawa sai tsakiyar Agusta. Na san abin da muke yi da wannan dogon hutun bazara, don ni ma shi na yi shekara da shekaru. Yara na ɗaka, sanyi na hurawa, waya a hannu, da safe darasin lissafi ta intanet, da yamma karatun Alƙur'ani ta Zoom da malami daga Kano. Ban ce a daina ko ɗaya ba. Amma a daidai waɗannan makonni, tafiyar minti goma daga ƙofar gidanku, 'ya'yan maƙwabtanku suna can suna wanke tumaki, suna fiƙe katako, suna awon fulawa, suna shirin bikin baje kolin gunduma da ake yi a Yuli ko farkon Agusta. Ƙungiyar da ke tara su ita ce 4-H, kuma a kanta nake son mu yi magana.

Ni ba da son raina na shiga ba. Babbar 'yata ce ta dawo daga makaranta wata rana da takarda mai hoton wani koren ganye mai kunnuwa huɗu, kowane kunne da farin harafin H, ta ce, "Baba, ina so in yi kiwon rago." Dariya na yi har da riƙe ciki. Ni da na taso ina yanko wa tumakin Inna ciyawa kafin in tafi makaranta, na yi karatu dare da rana don in rabu da warin turke, na ƙetaro teku, ga 'yar da na haifa a ƙasar Bature tana neman mayar da ni gidan jiya. Na ce mata likita za ta zama. Ta ce ai ƙawarta ma likitar dabbobi take son zama, kuma tana da awaki uku. Uwarta ta goya mata baya, aka fi ƙarfina.

Haruffan nan huɗu farkon kalmomi huɗu ne a Turanci: kai, zuciya, hannu, lafiya. A Hausa hannu kaɗai ya dace da harafin, kuma in kun tambaye ni, shi ne ma ya fi aiki a ciki. Abin ya samo asali tun 1902, lokacin da wani shugaban makarantu mai suna A. B. Graham ya tara yara a gundumar Clark ta jihar Ohayo yana koya musu gwajin ƙasa da irin masara. Dabarar da ke ciki za ta yi wa duk wanda ya taɓa ganin malamin gona yana fama da dattawan ƙauyenmu daɗi. Manoman Amurka na wancan zamani ma ba sa jin maganar 'yan jami'a. Sai aka zagaya ta wajen 'ya'yansu: a ba yaro sabon iri da ɗan fili a gefen gonar ubansa, in kaka ta yi masararsa ta fi ta uban, uban da kansa zai zo yana tambaya. A 1914 majalisar dokoki ta kafa tsarin malaman gona na ƙasa baki ɗaya da dokar Smith-Lever, ta ɗora shi a kan jami'o'in noma da dokar Morrill ta 1862 ta samar, ƙungiyoyin yaran suka shiga ƙarƙashinsa. Yau ana maganar yara wajen miliyan 6. Saboda haka ba ƙungiyar coci ba ce, tambayar da na san ita ce ta farko a bakin yawancinku, don ita ce ta farko a bakina. Jami'ar jiha da ma'aikatar gona da hukumar gunduma ke riƙe da ita. A nan wajenmu Jami'ar Jihar Kansas ce, wadda aka kafa a 1863 a garin Manhattan, kuma 'yan Samaru za su tuna sunan, don malamanta ne suka je Zariya a shekarun 1960 suka taimaka wajen kafa tsangayar noma da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Ranar da na faɗa wa malamar gonar gundumarmu haka, sai da ta ajiye biro ta dube ni.

Taron kulob sau ɗaya ne a wata, kuma yaran ke gudanar da shi. Shugaba yaro ne, magatakarda yarinya ce, ma'aji ɗan shekara 12 ne yana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, iyaye na zaune a baya bakinsu alaikum. Akan buɗe da mubaya'ar tutar Amurka, irin wadda yaranku ke yi a makaranta, sannan alkawarin ƙungiya, wanda wani mutumin Kansas, Otis Hall, ya rubuta aka amince da shi a 1927: yaro ya yi alkawarin sa kansa ga tunani mai kyau, zuciyarsa ga amana, hannunsa ga hidima, lafiyarsa ga kyakkyawar rayuwa. Na saurare shi da kunnen mai neman laifi, ban samu ba.

Kada maganar rago ta tsorata wanda ke zaune a gidan haya. Yawancin ayyukan ba ruwansu da dabba. A watan Yuni ofishin malamin gona kan jera tarukan bita kusan kowane mako: ɗinki, girki, ɗaukar hoto da yadda ake manna shi a kwali, kafinta, haɗa wayar lantarki, harhaɗa ƙaramar roka, tara ƙwari a jera su cikin akwati kowane da sunansa. Akwai bitar tuƙin tarakta ga 'yan shekara 14 da 15, don dokar ƙasa ta hana a ɗauki yaro mai waɗannan shekaru aikin tuƙa taraktar da ta wuce ƙarfin doki 20 a gonar da ba ta iyayensa ba, sai yana da takardar shaida. Ƙananan yara kuma akwai kiwon ɗan maraƙin da ake shayarwa da bokiti, inda alƙali ya fi damuwa da abin da yaron ya sani fiye da kyan maraƙin. Masu koyarwar duk 'yan sa-kai ne, tsofaffin manoma da kakanni mata da samarin da suka taso a ciki, kuma ba a ba babba yara sai an binciki tarihinsa.

To, bari in ba ku labarin ragonmu, don a nan na sha kunya.

Mun saye shi a bazara yana ɗan wata biyu zuwa uku, muka ajiye shi a gonar wani dattijo da ke bayan gari, don dokar cikin gari ba ta yarda da tumaki a tsakar gida ba. Aka kai shi ranar awo, aka ɗora shi a sikeli, aka maƙala masa lamba a kunne, aka rubuta shi da sunan yarinyar. Wanda ya makara a wannan rana ya makara ke nan, ba roƙo, ba "don Allah Malam". Da aka kira bitar yadda ake ciyarwa da aske dabba da nuna ta, na ce ba sai mun je ba. Me Bature zai koya mini game da rago? Ni fa ɗan gidan turka ne. Na san rago da ya amsa sunansa: wuya ya cika, baya ya shafe, yana tafiya yana rangaji. Sai na karɓe kiwon daga hannun yarinyar ba tare da na ce na karɓe ba. Ita ta auna abinci da gwangwani yadda takarda ta ce, ni in koma da yamma in ƙara masa, in ce ai yunwa yake ji. Ta ce an ce a riƙa zagayawa da shi kullum yana motsa jiki, na ce wa ya taɓa jin an sa ragon turka gudu, ai ƙibar za ta zube.

Ranar nuni aka shiga fili da misalin ƙarfe takwas na safe, tuni zafi ya fara dukan kwanon rumfar. Tumaki an aske su ƙwal, ba igiya ba ragama, kowane yaro ya tallafi haɓar nasa da hannu. Alƙali ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana dafa gadon baya da yatsu, yana matsa haƙarƙari, yana kama cinya. Da ya zo kan namu bai daɗe ba. Sannan ya ɗauki lasifika, don a nan alƙali ba ya yanke hukunci a ɓoye, sai ya faɗi dalilinsa a gaban kowa, ya ce ragon yarinyar nan yana da ƙira mai kyau, amma kitse ya rufe naman, ya wuce lokacinsa. Su tsoka suke nema, abin da mahauci zai yanka ya sayar, ba kitsen da zai yanke ya zubar ba. Aka miƙa mata jan kintinkiri. A tsarinsu shunayya ne na ƙoli, sai shuɗi, sai ja, sai fari, kuma ana auna aikin yaro ne da mizani, ba da na ɗan'uwansa ba, ta yadda mutum goma na iya samun shuɗi a aji ɗaya. Ke nan ba wanda ya kayar da ita. Ni na kayar da ita. A mota ba ta yi kuka ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Baba, baɗi ni zan ba shi abinci." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan ne babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu iyaye baƙi muna da wata cuta: ko dai mu hana yaro shiga abu gaba ɗaya, ko in ya shiga mu yi masa aikin don kada a raina mu. A wannan harka duka biyun asara ne. Akwai ɓangaren gasa da ba dabbar ake dubawa ba, yaron ake dubawa: yadda ya tsayar da ita, ko idonsa na kan alƙali, ko ya san nauyinta da abin da take ci da sunayen gaɓoɓinta. A ɗakin girki da ɗinki ma haka, yaro kan zauna gaba da gaba da alƙali, uwa na tsaye daga nesa, a tambaye shi me ya ba shi wahala, me zai sauya in zai sake. Yaron da aka yi wa aiki, tambaya biyu ke tona shi.

Sannan akwai kundin aiki, wanda shi ne abin da ƙauyenmu bai ba mu ba. Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi turka fiye da shekara talatin, ta san dusa da harawa da kowa da kanwa, ta san rago da ido. Amma da za ka tambaye ta nawa ragon ya ci daga ranar da ta saye shi zuwa ranar da dillali ya sallama, sai ta ce Allah ya sa albarka. 'Yata kuwa tana rubuta kuɗin saye, kuɗin kowane buhu, nauyin kowane mako, maganin da aka ba shi da ranar da aka ba shi, don kowane magani yana da kwanakin da dole a jira kafin a yanka dabbar, kuma sai da ta yi wata bita ta musamman a kan haka kafin a bar ta ta shiga fili. A ƙarshe ta raba ta gano buhu nawa ya zama kilo nawa. A shekarar farko lissafin ya nuna ƙarin da nake yi da yamma, ɓaro-ɓaro, cikin rubutun hannunta.

Uwargida ma ta samu nata rabon. Ta so ƙaramar 'yarmu ta kai markaɗen tattasai da tumatir da albasa a kwalba, irin wanda take tafasawa ta ajiye. A wajen bita aka ce ba za a karɓa ba sai an bi gwajajjen tsari, ta dawo tana faɗa wai an raina girkinta. Ba raini ba ne. Abincin da ba shi da tsami sosai, in aka rufe shi a kwalba ba iska, akwai wata ƙwayar cuta da kan tsiro a ciki ta saki dafin da ke shanye jiki, kuma tafasar ruwa ta digiri 100 ba ta kashe ƙwanta, sai tukunyar matsi da ke kai zafi wajen 116. Daga baya ita da kanta ta sayi tukunyar. Maimakon markaɗen sai suka yi alkaki. A jihar da alkama ce taƙamarta, tun da 'yan ɗariƙar Kirista ta Mennonite suka zo da jan irinsu daga Rasha a 1874, wai sai ga alkaki a kan teburin gasa. Wahalar ita ce dole a haɗa da rubutaccen bayanin yadda aka yi. Aka kira kakarsu a WhatsApp, yarinya riƙe da biro tana tambaya, "Hajiya, mai kofi nawa?" Hajiya ta ce, "Ke dai ki zuba daidai misali, hannunki zai gaya miki." Sai da suka yi kwaɓi huɗu suna awo kafin "daidai misali" ya zama lamba. Alƙaliyar ta ci ɗaya, ta tambayi sunansa sau biyu, ta ba da shuɗi, ta ce zuman ya ɗan yi yawa. Hajiya har yau ba ta yafe mata ba.

Ba zan ɓoye muku abin da ba shi da daɗi ba. Akwai rumfar aladu, kuma babba ce, warinta na iso ka tun daga wajen ajiye mota. Ba wanda zai tilasta wa ɗanku shiga, sai dai in ya yi fice har ya kai gasar ƙarshe da zakaru ke musayar dabbobi, to nan sai ku yi magana da masu shiryawa tun da wuri. Rumfar abinci kuwa kusan komai da naman alade, mu da kularmu muke zuwa. Tumakin kasuwa dandaƙaƙƙu ne kuma an datse musu bindi tun suna ƙanana, saboda haka wanda ke lissafin jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, a yi gasa a yi layya, ya sani cewa a Malikiyyar da muka taso a kai dabbar da sulusin bindinta ya tafi ba ta isarwa. Ni ma na yi wannan lissafin a 2022, da babbar salla ta faɗo cikin Yuli.

Sai gwanjo, wanda ya fi ci mini rai. A daren ƙarshe yara kan shigo da dabbobinsu ɗaya ɗaya, mai gwanjo na zuba magana kamar maroƙi, 'yan kasuwar gari na ɗaga hannu: banki, mai sayar da taki, mai rumbun hatsi, mai gyaran tarakta. Kuɗin da suke tayawa ya fi farashin kasuwa, tukuici ne ga yaron. Amma tukuicin yakan bi sanayya. Yaron da kakansa ya shekara arba'in yana hulɗa da bankin, hannuwa na tashi kafin ya gama shigowa. Tamu ta tsaya a tsakiyar fili, tallafe da haɓar rago, wajen ya yi tsit na ɗan lokacin da ni a wurina ya kai shekara, kafin dattijon da ya ba mu aron garke ya ɗaga hannu. Akwai kuma gidajen da ke sayen ɗan rago da kuɗin da ba zai taɓa fita ba, su ɗauko ƙwararre ya yi masa aski. Su kansu mutanen garin suna gunaguni a kan wannan. Na yi fushi a daren, har na ce mun gama. Da na huce sai na tambayi kaina sau nawa na je taron kulob a shekarar, amsar ita ce biyu. Ranar sharar fili ban je ba. Sauran yara sun zaga shaguna tun makonni kafin biki suna gayyatar masu saye, mu ba mu ma san ana yi ba, don a wajen bitar da na raina aka faɗa. Mutumin da ba a taɓa gani da tsintsiya a hannu ba, da wuya a san 'yarsa a daren gwanjo.

Washegari da asuba mota ta zo kwasar dabbobin da aka sayar. Yara manya da ƙanana, har da samari masu ƙasumba, suna ta sharar hawaye a jikin shinge. Tawa ta cire masa ƙyallen da take rufa masa don kada ya yi datti, ta ninke, ta raka shi har bakin mota. Na tuna kaina ina ɗan shekara tara, ranar da aka ja ragon Inna zuwa kasuwa, na ɓuya bayan rumbu. Ban taɓa ba ta wannan labari ba sai ranar. Da muka koma gida ta zauna ta rubuta wa dattijon wasiƙar godiya da hannunta, don wannan ma ƙa'ida ce.

Bana shekararmu ta huɗu. Ban ƙara taɓa gwangwanin awo ba. Babbar ta samu shuɗi sau biyu, hoton da ƙaramar ta ɗauka na rumbun hatsi da hadari a bayansa ya samu shunayya ya tafi bikin jiha da ake yi a Hutchinson a watan Satumba. Da ɗankwalinsu suke shiga fili, da wando da riga mai dogon hannu kamar kowa, ba wanda ya taɓa ce musu uffan.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A wannan bazarar ku nemi ranar bikin gundumarku, ku je da yara da sassafe, lokacin da ake wanka da aski, kafin a kunna lilo da kiɗan dare, don wanda ya je da dare wasa kawai zai gani. Ku shiga ɗakin da aka jera ɗinki da burodi da akwatunan ƙwari, ku bar yaran su karanta sunayen 'yan ajinsu a jikin katin. Sabuwar shekarar ƙungiya a Kansas tana farawa ran 1 ga Oktoba, sauran jihohi ma galibi da kaka ne, ofishin malamin gona kuma yawanci yana kusa da kotun gunduma ko filin bikin. Kuɗin rajista kaɗan ne. In yaro ya zaɓi abin da bai yi muku ba, zomo ne ko roka, ku haƙura. Ku iyaye maza musamman, Malam, Likita, Farfesa, ku cire babbar riga ku je ranar shara.

Ni bana an ba ni riƙon ƙofar sikeli ranar awo. Uwargida kuma ta shawo kan kwamitin rumfar abinci sun yarda a soya ƙosai da safiyar Asabar, a kasko dabam da mai dabam. Wake kwano uku za ta jiƙa, kuma tana neman mai taya ta surfe. Duk wadda ke kusa ta yi magana.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
wani uba daga karkarar Kansas